Yariman da Ya Rubuta "Bawa" a Kuncinsa

A tsakiyar shekarun 1990 mutanen Amurka da na Ingila sun sha ganin wani abin mamaki a jaridu da talabijin. Ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi kowa suna da dukiya a duniya ya riƙa fitowa bainar jama'a da kalmar "bawa" rubuce a kuncinsa, ya kuma sanar cewa ya ajiye sunansa na yanka, kada kowa ya ƙara kiransa da shi. Wannan mutum shi ne Prince Rogers Nelson, makaɗin jita, mawaƙi, kuma mai tsara waƙoƙi. Sunan nasa idan aka mai da shi Hausa Yarima ke nan, amma fa ba sarauta ba ce, suna ne da iyayensa suka raɗa masa. A lokacin 'yan jarida sun yi ta yi masa dariya, wasu suka ce giyar kuɗi ce ta ɗebe shi, wasu suka ce ya taɓu. Mu kuwa a wannan mujalla muna ganin ya kamata 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata su dubi rayuwar mutumin nan da idon basira, domin tambayar da ya yi shekaru yana yi ta shafi duk mai ci da ƙwaƙwalwarsa, watau: idan mutum ya yi aiki da basirarsa da guminsa, wa ya mallaki aikin?

An haifi Prince ran 7 ga watan Yuni 1958 a birnin Miniyapolis na jihar Minasota, can arewacin Amurka, inda sanyi ke da tsanani, baƙar fata kuma ba su da yawa. Mahaifinsa makaɗin piyano ne, mahaifiyarsa mawaƙiya, sun kuwa rabu tun yana yaro. Ya fara taɓa piyano yana ɗan shekara 7, daga nan ya kama jita, ya kama ganguna, ba tare da ya shiga wata babbar makarantar koyon kiɗa ba. Da yake gidajen rediyon garinsu kiɗan rok na Turawa suka fi sakawa, sai ya tashi da kunne biyu. Da ɗaya yana sauraron James Brown da Sly Stone, da ɗayan kuma yana sauraron Carlos Santana da Joni Mitchell. Mutane sun sha kwatanta shi da Jimi Hendrix saboda dukansu baƙar fata ne masu kaɗa jitar lantarki, amma shi da kansa ya ce hannunsa ya fi kusa da na Santana.

A 1977, bai cika shekara ashirin ba, kamfanin faifai na Warner Bros. ya ɗauke shi a kan yarjejeniyar faifai uku. Tun a ranar farko yaron ya nuna halinsa. Al'adar kamfanoni ita ce su haɗa sabon mawaƙi da wani ƙwararre wanda zai tsara masa sauti, ya zaɓo masa makaɗa. Prince ya ce shi zai yi abinsa da kansa, bayan an ja an ja kuma kamfanin ya yarda. Faifansa na farko mai suna For You ya fito a 1978, a jikin kwalinsa kuma an rubuta cewa shi kaɗai ya kaɗa kayan kiɗa 27 da aka ji a ciki, shi ya rera, shi ya yi wa kansa amshi. Yadda ake yin haka kuwa shi ne, mutum ya naɗi ganga a layi ɗaya na tef, ya komo ya ɗora jita a wani layin yana sauraron gangar, ya ɗora piyano, ya ɗora murya, har abin ya zama kamar ƙungiya ce sukutum ta yi shi. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, har faifan nan guda ya kusa cinye abin da aka ware wa faifai ukun gaba ɗaya. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na kuɗi, domin za mu komo kansa.

Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. A watan Oktoba 1981 ya hau dandali a Los Anjalis domin buɗe wa ƙungiyar Rolling Stones wasa, 'yan kallo suka yi masa ihu, suka jefe shi da tarkace har ya sauka. A wancan zamani kasuwar waƙa a Amurka a rabe take, akwai rediyon Turawa da rediyon baƙar fata, kuma ana ganin jitar rok ba ta yaro baƙi ba ce, alhali kuwa kakanninsa ne suka haifi kiɗan. Bai karaya ba. A 1982 ya fitar da faifan da ya sa wa suna 1999, wanda ya shigar da shi gidajen da a da ba su san da shi ba. A 1984 kuma sai ga Purple Rain, fim da faifai a haɗe. Faifan ya yi mako 24 a jere yana kan gaba a jerin Billboard na faifan da aka fi saye a Amurka, kiɗan fim ɗin kuma ya ci kyautar Oskar a 1985. Babbar waƙar ciki, When Doves Cry, ya cire mata jitar nan mai kaurin murya wadda a kanta ake gina kusan kowace waƙar rawa, duk da haka ta zama ta ɗaya a ƙasar.

Tasirin fim ɗin nan ya yi nisan da mai shi bai zata ba. A 2015 an fitar da wani fim da aka shirya a Agadas cikin harshen Buzaye bisa tsarin labarin Purple Rain, inda Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa a Nijar, ya fito a matsayin saurayin da ke fafutukar neman suna da jitarsa da babur ɗinsa. Shi Mdou Moctar ɗin a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008.

Baiwar Prince ba ta tsaya ga jita ba. Yana rera waƙa da siririyar murya kamar ta mace, ya juya ya rera da kakkaura. Yana yin rok, da fank, da jaz, da waƙar coci, wani lokaci duk a faifai ɗaya, kamar yadda ya yi a Sign o' the Times na 1987. Waƙoƙi suna zubo masa har sun fi ƙarfin bakinsa, sai ya riƙa bai wa wasu. Manic Monday da ƙungiyar Bangles ta yi suna da ita a 1986 tasa ce, haka nan Nothing Compares 2 U wadda Sinéad O'Connor ta zagaya duniya da ita a 1990. Masu shakkar hannunsa a kan jita kuwa sun sami amsa a 2004, a wurin bikin karrama manyan makaɗan rok, sa'ad da ya rufe wata waƙar marigayi George Harrison da kiɗan da har yau ake kallonsa a intanet, sa'an nan a 2007 a Mayami, inda ya yi wasa cikin ruwan sama a hutun rabin lokaci na wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka. Kafin rasuwarsa ya fitar da manyan faifai 39.

Mun san akwai masu karatu da za su ce, me ya haɗa mujallar ɗalibai da mutumin da ya yi suna wajen batsa? Maganarsu tana da tushe. Da yawa daga waƙoƙinsa na farko ba su da kunya ko kaɗan, har ma ɗaya daga cikinsu ce ta harzuƙa Tipper Gore, matar wani sanata a lokacin, ta haɗu da wasu mata suka kafa ƙungiya a 1985, wadda ta jawo aka fara liƙa wa faifai takardar gargaɗi ga iyaye. Shi kansa daga baya, a farkon shekarun 2000, da ya shiga ɗariƙar Shaidun Jehobah, ya daina rera mafi munin cikinsu. Ba mu zo wanke shi daga wannan ba, ba kuma mu ce kowa ya je ya saurare shi ba. Abin da ya kawo mu shi ne rigimarsa da kamfani, wadda darasinta yana nan daram ko da a ce waƙoƙin wa'azi yake yi.

Domin a fahimci rigimar, tilas ne a san yadda cinikin faifai yake. Kowace waƙa da aka naɗa tana da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin waƙar kanta, watau kalmominta da karinta, akwai kuma haƙƙin naɗin, watau asalin tef ɗin da aka ɗauka a ɗakin naɗi, wanda daga gare shi ake buga duk sauran kofe. Wannan shi za mu kira uwar faifai. A irin yarjejeniyar da aka saba yi, kamfani yakan ba mawaƙi kuɗin somin-taɓi ya je ya yi aiki. Kuɗin nan ba kyauta ba ne, bashi ne, ana cire shi daga ɗan kason da mawaƙin ke samu a kan kowane faifai da aka sayar. To, abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ko bayan mawaƙi ya gama biyan bashin nan kaf daga kasonsa, uwar faifai tana nan hannun kamfani. Misalinsa kamar mutum ne ya ci bashi ya gina gida, ya biya bashin har kwabo na ƙarshe, sa'an nan aka ce masa gidan na mai ba da bashi ne, shi ɗan haya ne. Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan ciniki, shi ya sa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1992 Prince ya sake sa hannu a wata yarjejeniya da Warner Bros. wadda aka yi ta yayatawa cewa ta kai dala miliyan 100, ko da yake yawancin kuɗin an ɗaure shi da sharaɗin sai kowane faifai ya yi ciniki mai yawan gaske. Ba a jima ba zama ya ƙi daɗi. Shi yana so ya riƙa fitar da waƙoƙi da zarar ya gama su, kamfani kuwa yana so a riƙa jinkirtawa, a tallata faifai ɗaya a gama cin kasuwarsa kafin a kawo wani. Da ya nemi a mayar masa da uwayen faifansa, aka nuna masa takardar da ya sa wa hannu. Ran 7 ga Yuni 1993, ranar da ya cika shekara 35, ya sanar cewa ya canja sunansa zuwa wata alama da ba ta furtuwa, wadda ta haɗa alamar namiji da ta mace. Hujjarsa ita ce, sunan da mahaifiyarsa ta ba shi ya zama hajar kamfani, saboda haka su riƙe sunan, shi zai tafi da basirarsa. Sai da kamfanin ya rarraba wa jaridu faifan kwamfuta mai ɗauke da alamar kafin su iya buga ta. A 1994 ya fitar da waƙar The Most Beautiful Girl in the World ta hannun wani ƙaramin kamfani, ta zama ta ɗaya a Ingila, abin da bai taɓa samu ba da wata waƙa da ya rera a ƙarƙashin Warner Bros.

Adalci ya sa mu faɗi ta bakin kamfani. Su suka zuba kuɗi a kan yaron da ba wanda ya sani, suka ba shi 'yancin da ba a saba ba sabon shiga ba, suka kuma haƙura da faifan farko da bai yi wata kasuwa ba. Ba wanda ya tilasta masa sa hannu a 1992, yana da lauyoyi, ya kuma riga ya yi shekara 15 cikin sana'ar. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Har ila yau kalmar "bawa" kalma ce mai nauyi a bakin baƙar fatar Amurka, waɗanda aka sayar da kakanninsu a kasuwa kamar dabbobi, saboda haka ba mu ga laifin waɗanda suka ji zafin ganin attajiri mai katafaren gidan naɗi na kansa, watau Paisley Park, ya ari kalmar ya yafa ba. Amma duk da haka, a ganinmu gaskiya ta fi rinjaya wajensa. Cewa mutum ya sa hannu ba ya mai da sharaɗi marar kyau ya zama mai kyau, musamman idan duk kamfanonin da ke kasuwa sharaɗi ɗaya suke bayarwa. Kuma kukan ba a kansa aka fara ba. Little Richard, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin kiɗan rok, ya yi shekaru yana kukan an saye waƙoƙinsa da kuɗi ƙalilan, har ya kai ƙara kotu a 1984. Bambancin kawai shi ne, Prince ya yi nasa kukan tun yana da ƙarfi, lokacin da duniya ba za ta iya toshe kunne ba.

A 1996 ya rabu da kamfanin, ya fitar da faifai uku a haɗe ya sa musu suna Emancipation, watau 'yantawa. Daga nan ya shiga gwada hanyoyin kai waƙa ga masu saye ba tare da dillali ba. A 1998 ya sayar da tarin waƙoƙi na Crystal Ball ta wayar tarho da intanet, ko da yake masu saye da yawa sun yi kukan jinkirin isowar kayansu. A 2000 ya komo ga sunansa na yanka. A 2001 ya buɗe wata ƙungiya a intanet inda mutum zai biya kuɗin shiga ya riƙa samun sababbin waƙoƙi kai tsaye. A 2004 ya haɗa kuɗin faifai cikin kuɗin tikitin wasanninsa, a 2007 kuma ya bar wata jaridar Lahadi ta Ingila ta raba faifansa Planet Earth kyauta ga masu sayenta, sa'an nan ya cika babban zauren O2 na Landan har dare 21. Wasu dabarun sun ci, wasu sun faɗi, waƙoƙinsa kuma ba su ƙara mamaye rediyo kamar da ba. Wannan shi ne farashin da ya biya, ya kuwa biya da idonsa a buɗe.

Uwayen faifansa ba su komo hannunsa ba sai a watan Afrilu 2014, sama da shekara ashirin da fara rigimar. Abin da ya taimaka masa kuwa doka ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta ba mai fasaha damar neman a soke mallakar da ya miƙa wa wani bayan shekara 35, a kan ayyukan da aka miƙa daga 1978 zuwa gaba. Faifansa na farko na 1978 ne, wa'adin ya zo ke nan, kamfani kuma ya ga gara a yi sulhu da a shiga kotu. Mawaƙan da suka biyo baya sun ɗauki darasi. Taylor Swift, da aka sayar da uwayen faifanta shida na farko ba da son ranta ba, ta koma ta sake naɗa huɗu daga ciki tun daga 2021, har a 2025 ta saye na asalin.

Da labarin ya tsaya nan, da sai mu ce Yarima ya ci yaƙi. Amma ran 21 ga Afrilu 2016 aka same shi ya rasu a Paisley Park yana da shekara 57, sanadiyyar ƙwayar kashe zafin ciwo ta jabu mai ɗauke da sinadarin fentanil. Da aka duba, sai aka tarar mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana faɗa a kan takarda bai bar wasiyya ko ta layi ɗaya ba. Bai bar mata ko ɗa ba, sai 'yan'uwa shida da kotu ta tabbatar su ne magada, bayan ta kori tarin masu da'awar ƙarya. Shekara shida aka yi ana shari'a, lauyoyi da hukumar haraji suna ɗiba, biyu daga cikin magadan suka rasu ba su ga ƙarshenta ba. A 2022 aka daidaita cewa dukiyar ta kai dala miliyan 156 da ɗoriya, kusan rabinta kuma ya faɗa hannun wani kamfani mai suna Primary Wave wanda ya saye kason wasu magadan. Shi da ya janye waƙoƙinsa daga Spotify da ire-irensa a 2015, a watan Fabrairu 2017 aka mayar da su. Ɗakin ajiyar da ya cika da waƙoƙin da bai saki ba aka buɗe shi, wasu mutane suka riƙa zaɓen abin da za a fitar. Ya karɓo kayansa daga hannun kamfani, ya riƙe su shekara biyu tak, suka sake suɓucewa.

Abin da muke so 'yan'uwa su ɗauka daga wannan tarihi abu uku ne. Na farko, ƙwarewa ita ce jarin mai fasaha. Prince ya iya ja da kamfani yana ɗan shekara goma sha domin ya iya kowane ɓangare na aikinsa, ba wanda zai ce masa in ba mu ba ba ka iyawa. Na biyu, ƙwarewa ita kaɗai ba ta tsare mutum. A cikinmu akwai masu rubuta waƙa da wasan kwaikwayo da littafi, akwai masu zane da masu ƙirƙira a ɗakin gwaji, kuma wata rana za a ajiye wa kowannensu takarda a ce ya sa hannu. A ranar nan kada ɗokin kuɗin somin-taɓi ya rufe masa ido. Ya tambaya: wa zai mallaki asalin aikin, har tsawon shekara nawa, kuɗin da aka ba ni kyauta ne ko bashi, kuma ta wace hanya zan fita idan zama ya ƙi? In bai gane ba ya kai wa lauya, domin kuɗin lauya na yini ɗaya ya fi arha bisa shari'ar shekara ashirin. Na uku, abin da ka mallaka ka rubuta shi, ka faɗi inda yake da wanda zai kula da shi. Ko a inda shari'a ta riga ta yanka wa kowane magaji rabonsa, ba a raba abin da ba a san da shi ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga suka kama aikin gwamnati kuwa, muna tuna musu cewa doka ce ta mayar wa Prince da kayansa, dokar kuwa wasu ma'aikata ne irinsu suka zauna suka tsara ta, shekaru da dama kafin ta yi masa rana. Duk wanda aikinsa ya biyo ta kan yarjejeniyar mawaƙi ko marubuci, ko a gidan rediyo ne, ko a ma'aikatar al'adu, ko a kamfanin ɗab'i, ya sani cewa abincin wani da na 'ya'yansa ne ke ƙarƙashin alƙalaminsa. Ya rubuta sharaɗin da shi kansa zai yarda ya sa wa hannu in da shi ne a ɗaya gefen teburin.